Allurar da Na Bari a Rana

Ina da shekara talatin da takwas fuka ta kama ni. Ni ma'aikacin kiwo ne a Tawa ta ƙasar Adar, cikin masu fita daji yi wa dabbobi allurar rigakafi, kuma lokacin na shekara goma sha huɗu a wannan aiki ban taɓa kwanciya asibiti ba. Abin ya faro da tari idan mun taso aiki, sai wani ɗan fito da nake ji a ƙirjina, har ranar da na kasa tura babur daga zaure zuwa tsakar gida sai da na zauna a ƙasa. Majon da ya duba ni, wato babban malamin asibitin unguwarmu, ya ce asma ce. Ya rubuta mini famfon shaƙa iri biyu. Mai ruwan ƙasa na kullum ne, safe da yamma, in shaƙa in kurkure baki. Shuɗin kuwa na aljihu ne, in ƙirji ya ɗaure, ko kafin in shiga ƙura.

Da ya ji irin aikina sai ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce ba zai hana ni aiki ba, amma in kiyaye abu uku: in shaƙi shuɗin kafin shanu su fara shigowa, in rufe hanci da baki, in tsaya ta inda iska ke tahowa. Na ce to. Na kullum ɗin ban taɓa wasa da shi ba, don a ɗakina nake shaƙarsa, ba mai gani sai matata. Sauran ukun ne suka gagare ni, saboda duka a gaban mutane ake yin su.

Tsorona ɗaya ne, kada a karɓe sirinji daga hannuna. Na ga yadda aka yi da wani babbanmu da ciwon baya ya kama. Ba wanda ya kore shi, tausayinsa ma aka ji, aka ba shi kujera da mabuɗin sito, ya ƙare aikinsa yana kallon motarmu tana fita tana dawowa. Ni kuwa ban iya zaman biro ba, wato ofis. Ina son fitar sassafe, ina son hayaniyar bakin rijiya, ina son lokacin da bijimi ya taso da faɗa na kama shi na tsira masa allura kafin ya san abin da ake ciki. Makiyayan arewa sun san hannuna. Suna cewa allurata ba ta kumbura, kuma ban taɓa musa musu ba.

Sai na samo dabara, na koma yawo da buta. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ba a tambayar namiji inda za shi in ya ɗauki buta, ba a kuma bin sa da ido. Da na ji ƙirji ya fara ɗaurewa sai in ajiye aiki, in ɗauki butata, in zagaya bayan wata itaciya, in zaro famfo daga aljihun wando in shaƙa, in tsuguna har iska ta dawo. Kafin in taso sai in zubar da rabin ruwan in jiƙa hannu. Shekara biyu ina haka. Har wani Bafillace ya taɓa kawo mini saiwar maganin gudawa a ƙulle cikin tsumma, na karɓa na yi godiya.

A shekara ta biyun ne aka turo mana wani daga Maradi. Sa'ana ne, wata huɗu kawai na ba shi. Gajere ne kakkaura, kuma yana shan taba kamar an aiko shi ya ƙarar da ita. Da ya sauka daga mota zai kunna, in an ci abinci ya kunna, in an gama garke ɗaya kafin na biyu ya iso ya kunna. Amma mutumin nan sai ya bi maraƙin da ya tsere a guje cikin rairayi, ya kamo shi, ya dawo yana magana ba tare da ya tsaya ya huta ba. Yana allura yana waƙa. Waƙar ma ba daɗi gare ta ba, amma doguwa ce, kuma da numfashi ɗaya yake jan baiti.

Ban taɓa sa taba a bakina ba tun da aka haife ni. Wannan shi ne abin da na riƙa nanata wa kaina, kuma shi ya fi cin raina. Ina ƙyashinsa, ba zan ɓoye ba. Ba matarsa nake ƙyashi ba, ba babur ɗinsa ba, huhunsa kawai. In yana dariya sai in tsaya ina kallon yadda ƙirjinsa ke cika yana sauka a banza, kamar mai ɗiban ruwa da kwando a bakin tabki. Na san hassada ba kyau, na sha yin istigfari a kanta bayan salla, amma washegari da ya kunna tabarsa sai ta dawo sabuwa.

Abin haushi kuma, mutumin kirki ne. Da mugu ne da na sami inda zan rataye ƙiyayyata. Shi ke sayen goro ya raba, shi ke ɗaukar akwatin ƙanƙara mafi nauyi. Yakan tsokane ni ya ce, "Kai Ba'adare, wannan ciki naka mi ka ci haka? Ko buta ta gaji da kai." Sai kowa ya yi dariya, ni ma in yi, ina jin kamar in shaƙe shi.

Matata ta gane tun ban faɗa ba. Wata rana ina ba ta labarin aiki, na ambace shi sau uku ko huɗu, kowanne da ɗan tsaki. Ta ce, "Malam, wai mi bawan Allah nan ya yi maka?" Na ce ba kome. Ta ce, "To in ba kome, ka bar shi da tabarshi. Kai ka naɗa rawani ka ja amawali awa kowa, ƙura ta bar shiga maka." Gaskiya ta faɗa. Makiyayan da muke wa aiki kusan duk bakinsu a rufe yake da rawani. Amma ma'aikaci ɗan birni da ya shekara goma sha shida da hula, ranar da ya naɗa rawani sai an tambaye shi dalili, kuma na san wanda zai fara tambaya.

Akwai wani dattijo Buzu da ke zaune da iyalinsa arewa da Tebaram. Tun shekarata ta fari nake yi wa dabbobinsa allura. Lokacin yana da shanu, fari ya cinye su, ya koma kan awaki. Ba ya yarda kowa ya taɓa masa su sai ni. In ya iso ya tarar ina kan wani garke, sai ya ja awakinsa gefe ya tsuguna ya jira, ko da sauran ma'aikata na zaune ba abin da suke yi. Ina kiransa Baba, shi kuma yana ce mini likita. Bayan na Maradi ya zo, sai jiran nan na dattijon ya ƙara daraja a wurina. Shi ne abu guda da nake da shi wanda huhu ba ya sayowa.

Sai na bayyana yadda allurar awaki take, don a gane abin da na yi. Gari ce a cikin 'yar kwalba, tana zaune cikin ƙanƙara. In za a yi aiki sai a dama ta da ruwanta mai sanyi, kuma daga lokacin ba ta da tsawon rai. A yi ta da wuri, a tsare ta daga rana. In ta yi zafi ta mutu, ko da idonka bai ga wani canji ba. Kuma a shekarar aka fito da tsarin cewa duk akuyar da aka yi wa, sai a ɗan yanke mata gefen kunne. Yankan nan shi ne shaida. Duk ma'aikacin da ya ga akuya da shi, ko a ina, ko bayan shekara nawa, zai wuce ta, ya san an gama da ita.

Ranar da abin ya faru mun fita daga Tawa tun da safe. Na so in shaƙi shuɗin a hanya, amma na Maradi na manne da ni a bayan mota, kafaɗa da kafaɗa. Da muka isa bakin rijiyar da za mu yi aiki kuma mun tarar shanu sun riga sun cika wurin, ba zancen ɗaukar buta. Muka hau aiki a parki, wato shingen ƙarfen da ake kora shanu ciki ɗaya bayan ɗaya. Shanu in sun yi yawa a wuri guda, ƙasa da busasshen kashinsu suke niƙewa su tashi sama. Wajen ƙarfe sha ɗaya iska ta juya ta riƙa kawo mini shi a fuska. Sai in koma ɗaya gefen, amma can na Maradi yake, kuma ba zan roƙe shi mu yi musanya ba.

Muna gama shanu na hango dattijon a tsugune da awakinsa, sun kai talatin da 'yan kai. Ƙirjina ya riga ya fara ɗaurewa, amma na ce bari in gama da shi tukuna. Na buɗe akwati, na dama kwalba, na cika sirinji. Ban kai ga akuyar fari ba na ji iska ta ƙi shiga. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba. Kana ja, kana ja, abin da ke shiga bai fi na bakin tsinke ba, kuma fitarwa ta fi shigarwa wuya. Na ɗora kwalbar da sirinjin a kan ƙarfen shinge, na ɗauki buta, na ce wa dattijon ina zuwa.

Da ƙyar na kai bayan wata aduwa. Na shaƙa sau biyu, na jira, bai sake ni ba. Na ƙara. Na dafa itaciyar na sunkuya, zufa na zuba. Daga inda nake ina jin muryar na Maradi yana waƙarsa, yana ja yana ja, ni kuwa ina neman abin da zan ce Allah da shi. Ban san iyakar lokacin da na ɗauka ba. Na dai san inuwar aduwar ta matsa kafin in iya miƙewa.

Da na dawo, dattijon na nan inda na bar shi. Na Maradi ya ce ya nemi ya yi wa awakin allura, dattijon ya ƙi. Wani daɗi ya ratsa ni, har na manta da abin da na fito ciki. Na kai hannu kan kwalbar, na ji ta da ɗumi kamar shayin da ya fara hucewa. Ƙarfen da na ɗora ta a kai ma ba ya taɓuwa. Na san ta mutu. Shekara goma sha shida ina wannan aiki, ba na bukatar kowa ya gaya mini. Ina shirin juyawa wajen akwati sai na Maradi ya matso, taba a bakinsa, ya ce a hankali, "Abokina, wagga ta daɗe a rana. Zubda ta ka dama wata."

Da bai yi magana ba da na dama wata. Na sha juya wannan a raina, kuma kullum amsar ɗaya ce. Da shef, wato shugabanmu, ne ya faɗa, ko direba, ko dattijon kansa, da na zubar ba gardama. Amma daga bakin nan ta fito, tare da hayaƙi. Na ce masa, "Yanzu niɗ ɗora ta. Na san aikina." Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya koma wajen tumakin da ke jiransa. Na bi awakin nan ɗaya bayan ɗaya, dattijon da 'ya'yansa mata biyu suna riƙe mini, ina tsira musu ruwan banza ina yanke musu kunne. Da na gama ya kama hannuna da hannu biyu ya sa mini albarka.

Kwana huɗu na yi da abin a cikina. Abinci ba ya shiga, aiki ba ya tafiya. In na ga akuya a titi sai idona ya tafi kan kunnenta. Cutar da muke wa rigakafi na san ta, na ga yadda take share garke cikin 'yan kwanaki, hanci na zuba, zawo na zuba. Da ban yi musu kome ba, baɗi wani zai yi musu. Yanzu na rufe musu wannan ƙofa da hannuna. Kuma mutumin nan ba shi da kome a duniya sai su.

Ranar Lahadi na sami na Maradi a kasuwar dabbobi, a rumfar mai shayi. Na zauna kusa da shi, na zaro famfon na ajiye a kan benci tsakaninmu. Na ce masa fuka gare ni, kuma allurar ran nan matatta ce. Bai ko taɓa famfon ba. Ya ce, "Huka kam mun sani. Kowa ya sani, har shef. Cikin mota muna jin ƙirjinka shina kuka awa ɗan tsako." Na tambaye shi me ya sa ba wanda ya yi magana. Ya ce, "Kai ba ka yi ba, mu mi za mu ce? Ciwonka naka na. Amma awakin ga ba naka ba ne."

Wato shekara biyu ina zubar da ruwa a bayan itatuwa, su kuwa suna kawar da kai don kada in ji kunya. Har tsokanar da yake mini kan buta, ashe taya ni rufin asiri yake. Ya kamata in ji godiya. Abin da na ji shi ne, ga lafiya ya fi ni, ga hali ma ya fi ni, kuma a take na ƙara jin haushinsa. Da ya zaro taba zai kunna sai ya dubi famfon ya mayar da ita aljihu. Wannan ma ya ƙona mini rai.

Washegari na shiga wurin shef na faɗa masa duka. Na shiga da shirin a miƙo mini mabuɗin sito. Ya yi mini faɗa sosai, kuma duk faɗan a kan kwalbar ne, bai ambaci ƙirjina ba sai a ƙarshe, da ya ce in riƙa bin abin da majo ya ce a fili, ba wanda zai cire ni daga fita daji. Ya sa hannu aka ba mu sabuwar allura, ya ce mu tafi mu biyu mu gyara. Na fito ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ɗauka magana ta ƙare, sirinjina ya tsira.

Muka tafi a kan babur, akwatin ƙanƙara ɗaure a baya. Matata ta naɗa mini rawanin mahaifinta. Kafin mu tashi na shaƙi shuɗin a ƙofar biro, a gaban kowa, ba wanda ya ko juyo. Mun sami zangon dattijon da hantsi. Ya yi mamakin ganinmu, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora shayi. Ban jira an zuba ba, don na san in na sha ba zan iya faɗa ba. Na ce, "Baba, allurar da niy yi ma awakinka ba ta da rai. Na bar ta a rana. Na sani, kuma niy yi." Na nuna masa famfon, na gaya masa abin da ke kai ni bayan itace.

Ya ci gaba da fifita gawayi. Sannan ya ce ciwo na Allah ne, ya yi mini sannu. Ya tambaya, "Sa'adda kay yi, ka san ta mutu?" Na ce na sani. Ya ce, "Wancan ya hwaɗa maka?" Ashe ya ji. Na ce ya faɗa. Ya gyaɗa kai, ya zuba shayi ya miƙa mana, ya ci gaba da magana da murya ɗaya kamar mai ba da labarin ruwan sama. Ya ce bakwai daga cikin awakin ba sa nan. Shekaranjiya ya ba ƙanwarsa da mijinta ya rasu, 'yan uwan mijin sun zo sun tafi da ita arewa. Ya zaɓa mata waɗanda suka fi kyau, kuma ya gaya mata ta kwantar da hankalinta, likita ya gama da su. Bai san rijiyar da za su sauka ba, can kuma waya ba ta kamawa.

Na ce zan bi su. Ya ce in bi su ina? Muka shanye shayin.

'Ya'yansa suka tattaro sauran awakin. Na buɗe akwati, na dama sabuwar kwalba a inuwar bukka, na cika sirinji, na miƙe. Ƙirjina a buɗe yake sarai, rabon da in ji iska na shiga haka har na manta. Na nufi akuyar fari. Dattijon ya ɗaga hannu, ba da faɗa ba. Ya ce, "Likita, miƙa ma wancan shi yi. Kai ka kama mai."

Na Maradi ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, hannunshi ya hi nawa." Dattijon ya dai ci gaba da kallon sirinjin da ke hannuna. Na miƙa. Na tsuguna na kama akuyar, na sa wuyanta a hammata, na riƙe ƙafar gaba. Haka muka bi su har ta ƙarshe, ina kamawa yana tsirawa. Bai yi waƙa ba ranar. Ni kuwa ko tari ban yi ba.

Har yau ina fita daji, da rawanina da famfona, kuma ina yi wa garken kowa allura. Kowace shekara dattijon yakan zo bakin rijiyar nan, mu gaisa, ya tambayi ƙirjina, in tambayi ƙanwarsa, ya ce bai ji labari ba tukuna. Sannan ya ja awakinsa gefe ya tsuguna, ya jira na Maradi ya gama.